Malamin Gona da Karatun Ƙasa a Nasarawar Burkullu

Da zarar hadarin farko ya fara haɗowa daga gabas, hira a Nasarawar Burkullu ta Bukkuyum a Jihar Zamfara takan koma kan taki. Nawa buhu ya kai a bana, wa ya samu, wa bai samu ba, kamfa ta fi ko yuriya. Manomin da ke da gonar tudu, da 'yar fadama a bakin gulbi, da wani fage a bayan gari, sau da yawa abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin buhu biyu ba. To, wanne zai saya? Wace gona za ta samu, wacce za ta haƙura? Yaushe za a zuba, kuma ta yaya? Amsar waɗannan tambayoyi ita ke raba mai cika rumbu da mai cin bashi tun kafin kaka, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan. Muna ce musu malaman gona. Na ƙwarai a cikinsu ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa bin ɗayansu gona ya san ya ga gwani.

Gwanin malamin gona da tambaya yake fara aiki. Zai tsaya a bakin iyaka, bayan an gaisa an tambayi iyali, ya ce, "Baba, bara mi kash shibka nan? Bara waccan fa? Yaushe rabon da a kai mata takin shanu? Karan, kwashewa kuke yi ko ƙonawa? In an yi ruwa mai ƙarfi, ina yake kwanciya?" Wanda bai san aikin ba sai ya ɗauka hira ce kawai, alhali rabin binciken ke nan. Gonar da aka shekara biyar ana shuka mata masara a jere daban take da wadda ake juya mata gyaɗa ko wake, ko da iyaka ɗaya ce ta raba su. Fagen da Fulani suka taɓa yin mashekari a kai yakan riƙe ƙarfinsa shekaru bayan sun tashi. Dattijon da ya gaji gona daga mahaifinsa ya san tarihin kowace kusurwa tata, kuma aikin malam shi ne ya zaƙulo wannan sani ya ɗora nasa a kai. Malamin da ya raina sanin mai gona ya faɗi tun bai duƙa ba.

Daga nan sai hannu. Zai ɗebi ƙasa, ya ɗan jiƙa ta, ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya. In ta yi garas-garas ta ƙi dunƙuluwa, jigawa ce. Tana da sauƙin noma, amma ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su gangarar da abin da aka zuba mata zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. In ta dunƙulu ta yi santsi, har ana iya murza ta ta yi tsawo ba ta karye ba, laka ce, irin ta fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, mai riƙe ruwa da abinci amma mai shaƙe saiwa idan ruwa ya kwanta. Tsakaninsu akwai jangargari, akwai ƙasa mai burji wadda marmara ke kwance kusa a ƙarƙashinta, akwai fako wanda ruwa ke gudu a kansa ba ya shiga. Manoma ne suka raɗa waɗannan sunaye tun kaka da kakanni. Abin da malam ya ƙara shi ne hukuncin da ke biyo baya. Jigawa a raba mata taki kashi biyu ko uku, kaɗan-kaɗan. Fako kuwa kada a ɓata masa ko ƙwaya ɗaya sai an fara buɗa wa ruwa hanya, kamar yadda manoman Illela ta Jihar Tawa a Nijar suka farfaɗo da dubban filaye ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani a zuba musu takin gargajiya su tari ruwan farko.

Ciyawa ma shaida ce. Inda gamba ta yi tsayi, ƙasa na da sauran ƙarfi. Inda tumfafiya da ƙarangiya suka mamaye, an gaji. Inda wuta-wuta ta yi ja a cikin dawa, ƙasar ta talauce, kuma irinta na kwance a ciki zai iya jira shekara goma sha biyar ko fiye. Malam yakan ɗaga kai ya dubi itatuwa: in da gawo a gonar, zai nuna wa mai gona yadda geron ƙarƙashinsa ya fi na fili, ya roƙe shi kada ya bari a sare 'ya'yan da ke tsirowa, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya ba shuka taki kuma bai tare mata rana ba.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne tsakiyar damina, lokacin da shuka ta fara faɗin abin da ke damunta. A idon yawancinmu, masarar da ta yi rawaya ta yi rawaya ke nan, maganinta yuriya. A wurin malam kuwa rawaya iri-iri ce, kuma abin da zai fara dubawa shi ne wane ganye ne ya fara. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne, rawayar ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya, to yunwar naitirojin ce, yuriya za ta yi magani. Shuka tana iya kwashe wannan sinadari daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa tsohon ke fara nuna alama. Idan kuwa sababbin ganyayen sama ne suka koɗe alhali na ƙasa suna nan kore shar, malam zai fi zargin ƙarancin farar wuta, wadda ba ta tafiya da sauƙi daga ganye zuwa ganye. A nan ko an ƙara buhun yuriya guda masarar ba za ta gyaru ba. Gefen tsohon ganye ya ƙone ya bushe, tsakiyarsa na kore, wannan fotashiyam ne. Ƙaramar masara ta tsaya cak, ganyenta ya rine zuwa shunayya, wannan fosfaras ne. Farin zane mai faɗi a ɓangarori biyu na jijiyar sabon ganye, wannan zinki ne.

Sannan akwai masu kama da yunwa alhali ba ita ba ce, kuma a nan ake gane wanda ya ƙware da wanda ya haddace. Masarar da ruwa ya kwanta mata kwana uku takan yi rawaya sak irin ta naitirojin, saboda saiwarta ta shaƙe. Wuta-wuta takan shafe makonni tana tsotsar dawa a ƙarƙashin ƙasa kafin ta leƙo, dawar ta tsumbure ba a ga dalili ba. Akwai cutar zane da wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, akwai gara, akwai tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Don haka gwani ba ya yanke hukunci daga bakin hanya. Sai ya shiga ya tuge shuka ɗaya ya dubi saiwa, ya tsaga kara, sannan ya ja da baya ya dubi fasalin ɓarnar: gona duka ce, ko kwari kawai, ko kunya-kunya take bi? Ciwon da ya bi kunya daga hannun mai zuba taki ne ko mai feshi. Wanda ya bi kwari daga ruwa ne.

Amma ido da hannu suna da iyaka, kuma babu mutanen da suka san haka da ɗaci kamar mutanen wannan yanki. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna jijjiga, magungunan zazzaɓi ba sa yi musu aiki. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinari da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Ƙasar tsakar gida a 'Yargalma da Dareta, a ido, ba ta da wani bambanci da ta kowane gida. Wata na'urar hannu mai suna XRF ce, wadda ake ɗora bakinta a kan ƙasa ta faɗi yawan dalma nan take, ta nuna wasu wurare sun haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce. Da wannan na'ura aka bi gida-gida, aka kankare saman ƙasa aka je aka binne, aka shimfiɗa mai tsabta: Dareta da 'Yargalma a 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, sai Bagega a 2013. Ƙwararrun kamfanin TerraGraphics ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan Jihar Zamfara da mutanen ƙauyukan kansu. Ban kawo wannan don fama tsohon miki ba. Gwajin dalma daban, gwajin abincin shuka daban. Sai dai mutumin Bukkuyum ba ya bukatar dogon bayani kafin ya yarda cewa ƙasa tana ɓoye abin da sai an auna ake sani.

To, ta yaya ake aunawa? Mutane sukan zaci gwanintar tana can ɗakin gwaje-gwaje inda kwalabe da injuna suke. A gaskiya rabonta mafi girma a gona yake, a hannun mai ɗebowa. Ƙasar saman kadada ɗaya, zuwa zurfin santimita 20 inda mafi yawan saiwa ke kiwo, nauyinta ya kusa tan 3,000. Abin da za a aika gwaji bai wuce rabin kilo ba, wanda za a sa a kwalba kuma giram kaɗan ne. Wannan ɗan abu shi zai yi magana da bakin gona duka. In an ɗebo shi ba daidai ba, ko da na'urar da ta fi kowacce tsada a duniya aka auna shi, ƙarya zai faɗa.

Shi ya sa za ka ga malam ya fara raba gonar da ido: tudu daban, kwari daban, inda aka sa taki bara daban. Kowane ɓangare da samfurinsa. Sai ya ɗauki bokitin roba mai tsabta, wanda bai taɓa ganin taki ko toka ba, ya ratsa gonar yana karkacewa hagu da dama, yana tsayawa wuri goma sha biyar zuwa ashirin. A kowane wuri ya share ganye da kara, ya haƙa, ya yanko ƙasa siririya tun daga sama har zurfin santimita 20, kauri ɗaya sama da ƙasa. Ba ya ɗiba kusa da suri, ko gindin itace, ko inda aka taɓa jibge taki ko ƙona kara, ko bakin iyaka da hanyar shanu, domin waɗannan wurare sukan nuna arzikin da sauran gonar ba ta da shi. Ya cakuɗa duka a bokiti, ya tsince tsakuwa da saiwoyi, ya raba huɗu ya zubar da biyu, ya sake cakuɗawa ya sake rabawa har ya rage abin da yake so. A inuwa ake shanya ta, ba a rana ba, ba kusa da murhu ba. Sannan ya rubuta takarda biyu, ɗaya cikin leda ɗaya a waje: sunan mai gona, wurin, abin da aka shuka bara, abin da ake son shukawa bana. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, ba ya bukatar wuta ko intanet, kuma amsarsa tana yi wa gona amfani shekara uku ko huɗu.

A ɗakunan gwaji irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, za a tankaɗe ƙasar da rariya mai ido milimita 2, a auna tsaminta, da yawan ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta, da naitirojin, da fosfaras ɗin da shuka za ta iya ci, da fotashiyam da 'yan'uwansa. Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Yawancin amfanin gonarmu sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7. In ya sauka ƙasa da haka, ƙasa takan ƙulle fosfaras ta hana shuka, sai manomi ya ga yana zuba taki ba ya ganin aikinsa. Zuba yuriya zalla shekara da shekaru a jigawa yana daga cikin abin da ke jawo wannan tsami. A fadamun noman rani kuma wani lokaci akasin haka ake samu, gishiri da kanwa su taso su yi fari a saman kunya.

Takardar da za ta dawo lambobi ne zalla, kuma manomi ba lambobi yake nema ba. Nan ne malam yake sake zama dole, domin shi zai mayar da su maganar buhu da kwano da marfin kwalba. Ƙa'idar da yake bi tsohuwa ce, masanin Jamus Justus von Liebig ya yaɗa ta tun wajen 1840: abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke yawan amfani. Ƙwaryar da bakinta ya ɓalle a gefe ɗaya, ko tulu nawa aka juye mata, ruwanta ba zai wuce wurin ɓallin ba. Gonar da fosfaras ne ya gaza mata, duk yuriyar da aka ƙara asara ce har sai an toshe wancan giɓi.

Daga nan sai lissafin buhu, wanda ya kamata a ce kowane ɗan firamare a Zamfara ya iya shi. Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa suna faɗin kason naitirojin da fosfaras da fotash a cikin ɗari. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowannensu. Na 20-10-10 yana da kilo 10 na naitirojin da biyar-biyar na sauran. Yuriya kashi 46 ce, wato kilo 23 a buhu, kuma babu komai a cikinta sai naitirojin. Ke nan buhun yuriya ɗaya ya kai buhun 15-15-15 uku a wannan fanni, amma ba ya ba da ko ƙwayar fosfaras. Shawarar gama-gari ta masara a arewa ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a kadada, wato buhu takwas na 15-15-15 da kusan uku na yuriya. Gero da dawa wajen rabin haka. Manomi nawa ne a Nasarawar Burkullu zai iya sayen buhu goma sha ɗaya? Shawarar da ba a iya bi ba ta da amfani ga talaka, kuma malamin da ya tsaya a kan karanto ta daga littafi bai yi komai ba.

Gwani kuwa daga aljihun mai gona yake farawa. Zai ce masa, "Baba, fagen bayan gida da kake kai wa shara da kashin awaki duk shekara, wannan ya ƙoshi, ɗan yuriya kaɗan ya ishe shi. Fakon nan kuma bana a bar shi, a yi masa ramuka da takin gida. Buhunan nan biyu gonar tsakiya za su, ita ce mai yunwa kuma mai iya ci." Wannan rarrabewa tsakanin gonar da ta ƙoshi, da mai amsa taki, da wadda ta mutu har ba ta amsawa, ita ce zuciyar sana'ar. Haka nan zai hana shi zuba wa gyaɗa yuriya, domin gyaɗa da wake da waken suya suna samar wa kansu naitirojin daga iska ta 'yan ƙululun da ke saiwarsu. Abin da gyaɗa ke so sufa ce, mai ɗauke da fosfaras da kalsiyam da farar wuta. Ƙwanson gyaɗa daga ƙasar da ke kewaye da shi yake shan kalsiyam kai tsaye, in ya rasa sai a tuge a tarar da holoƙo. In kuma gonar wuta-wuta ta kama, zai ba da shawarar a juya ta da waken suya, wanda ke sa irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, a biyo da irin masara mai jurewa kamar SAMMAZ 15 ta Samaru.

Yadda ake zubawa ma ilimi ne. Yuriyar da aka watsa a saman busasshiyar ƙasa da rana tsaka, kaso mai yawa nata iska yake bi. Wadda aka zuba daf da mamakon ruwa a jigawa, ƙasa take gangarewa. Malam zai nuna a soka rami da tsinken itace ɗan nesa da gindin shuka, kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi kuma an riga an yi noma, don kada ciyawa ta cinye. Kamfa tun wuri, a cikin mako biyun farko, saboda fosfaras saiwa yake ginawa kuma ba ya tafiya a ƙasa sai saiwa ta iske shi. Yuriya daga baya, mako huɗu zuwa shida, gab da lokacin da masara za ta yi gudun girma. Masu binciken ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa giram 6 na kamfa a ramin gero, abin da bai wuce cikin marfin kwalba ba, yana ɗaga amfani sosai a kan jigawar da ta gaji. Mai buhu ɗaya ma yana da hanya ke nan.

Akwai kuma gwajin da ba ya bukatar a je Zariya, kuma a ganina ya fi kowanne shiga zuciyar manomi. Malam ya ja igiya ya yanka ƙananan fage biyar a gonar da ke bakin hanya. Na farko a ba shi komai. Na biyu a hana shi naitirojin kaɗai, na uku fosfaras, na huɗu fotash, na biyar a bar shi haka nan. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a auna kowanne a gaban jama'a. Fagen da ya faɗi warwas shi ya faɗi abin da ƙasar garin ta rasa. An yi irin wannan gwaji a gonakin manoma da yawa a jihohin Kano da Kaduna da Katsina a 2015 da 2016, ƙarƙashin shirin TAMASA, kuma abin da ya fito shi ne naitirojin da fosfaras ne manyan giɓin masara, fotash kuwa a wurare da yawa bai ƙara wani abin kirki ba. Duwatsun da ƙasarmu ta fito daga gare su suna da fotash, ƙurar hunturu ma tana sauke mana wani duk shekara. Wannan bai ce a yi sakaci ba, tunda mafi yawan fotash ɗin da shuka ta ci a kara yake zama, mu kuwa karan muke kwashewa mu yi darni da makamashi da abincin dabbobi. Tokar murhu ta koma gona, nan ne gidanta. Amma ya nuna cewa mai sayen 15-15-15 ido rufe yana iya biyan kuɗin abin da gonarsa ba ta nema ba.

A nan ne nake ganin gazawar manufofinmu. Taron shugabannin Afirka a Abuja a 2006 ya yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa 50 a kadada. Shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a Disambar 2016 ya kawo 20-10-10 a kan naira 5,500, ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki, kuma manoma sun ji daɗinsa. A 2022 aka buɗe katafaren kamfanin yuriya na Dangote a Legas. Duka wannan maganar buhu ce. Haɗi ɗaya aka yi wa ƙasa guda, daga fadamar Gummi har jar ƙasar kudu, kuma ba a kashe ko kusa da haka ba wajen samar da mutumin da zai gaya wa manomi abin da zai yi da buhun.

Kuma babu gwanin da zai ce takin zamani shi kaɗai ya isa. Ƙasar tudunmu ruɓaɓɓen abin da ke cikinta yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ne kuwa ke riƙe ruwa da takin da aka saya. A da akwai tsari: makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi, jakuna su yi ta jigilar mangala daga gari zuwa gona duk rani, gonar da ta gaji a bar ta saura. Rashin tsaro ya wargaza wannan a yammacin Zamfara. An kore shanu, amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni, gonakin nesa sun gagara zuwa ko sai an biya 'yan bindiga, jama'a sun taru a kan 'yan filayen da ke kusa da gari suna noma su shekara bayan shekara ba hutu. Fili ya ragu, baki ya ƙaru, takin gida ya yi wuya, na kanti ya yi tsada. Ba a taɓa bukatar mai sanin ƙasa kamar yanzu ba, domin kuskuren buhu ɗaya a yau yunwar gida guda ce.

Abin takaici, wannan jiha ta taɓa zama gaba a wannan fanni. Gusau na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gwambe, da aka fara shirin raya aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, kuma dattawa suna tuna malaman gona a kan babura suna bin ƙauyuka da igiyar awo da gonakin gwaji. Samaru, wadda aka kafa tun 1922, tana da tasha a Talatar Mafara. Akwai kwalejin aikin gona a Bakura tana yaye matasa. Yau malami ɗaya ne ga manoma dubbai, da yawa sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, hanyoyin ma ba duka ke biyuwa ba. Wanda ya gaji kujerar ba da shawara shi ne mai shagon taki. A cikinsu akwai masu gaskiya da sani, amma mai kaya abin da ke shagonsa zai yaba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka da Gummi za su iya ɗaukar matasan da suka karanta aikin gona, 'yan asalin garuruwan, waɗanda ba sai sun ratso daji ba kafin su isa gona, a horar da su ɗibar samfuri da gonar gwaji, a ba kowannensu bokiti da igiya da ma'aunin tsami na aljihu. Ƙungiyoyin manoma kuma ba sai sun jira gwamnati ba: mutum ashirin su haɗa kuɗi, kowa ya ɗebo ƙasar gonarsa yadda aka bayyana, a ba mutum ɗaya ya kai Sakkwato ko Zariya ya dawo da amsa, a nemi malami ya zauna da su ya fassara. Lokacin yin haka shi ne bayan an kwashe amfani, tun ana rani, domin amsa ta iso kafin a taɓa kuɗin taki. Manoman Nasarawar Burkullu, in Allah ya kai mu kaka, ku fara da gona ɗaya.